Baffa Mai Ƙirga 'Ya'yan Kifi

Ranar da Baffa ya rasu, layinmu na Malali bai ɗauki mutane ba. Bayan azahar aka yi masa sutura, kafin la'asar tabarmin gida sun ƙare, sai da maƙwabta suka fito da nasu aka shimfiɗa har bakin titi. Ni ina ciki wajen Umma, matarsa, don haka abin da aka faɗa a waje mijina ne ya kawo mini.

Ya ce tsofaffin abokan aikin Baffa na ma'aikatar gona sun zo da manyan riguna, sun jera motoci. Wani dattijo da ya taɓa zama shugabansa ya daɗe yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Wallahi ya wahalar da ni. Na sha ɗaukar alƙalami zan tura shi wani gari in huta, in na sake duba takardar da ya rubuto sai in ajiye alƙalamin, don shi ne da gaskiya."

Masunta kuwa a ƙafa suka zo daga bakin kogi, ayari guda, wasu da wandunansu a naɗe. Sarkin ruwa ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce tun da labari ya iso musu da safe ba wanda ya jefa taru, kuma ba wanda zai jefa sai an yi sadakar uku.

A cikin gida, mata masu soya kifi ne suka cika tsakar gida. Ɗayarsu ta riƙe hannun Umma tana kuka tana cewa, "Hajiya, yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Sai ga Umma tana dariya hawaye na zuba. Gwaggo, yayarsu Baffa da ta iso daga Zariya, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Tun yana yaro haka yake. A aike shi rafi ɗebo ruwa, ya dawo mana da talibambam a tulu, ya ce duba su yake su yi ƙafa."

Mahaifina yana waje yana karɓar gaisuwa. An ce duk wanda ya miƙa masa hannu, kalma ɗaya yake maimaitawa: "Yaya ya tafi."

Na ga yadda ake manta mutane a garin nan. Ana yin arba'in, a raba gado, a sake fenti, shi ke nan. Ban yarda a yi wa Baffa haka ba, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani.

Baffa wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne babban namiji, mahaifina auta. Allah bai ba Baffa da Umma haihuwa ba, don haka ina da shekara biyar mahaifina ya ɗauko ni daga gidanmu na Mando ya kawo musu riƙo. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka babu ɗayansu da ya taɓa kiran sunana. Baffa "Uwata" yake ce mini, mahaifina ma haka. Na girma dattawa biyu suna ce mini uwa, ina jin kaina wata babba.

Baffa jami'in sashen kifi ne. Dogo ne siriri, yana da wani tsohon babur da takalman roba masu kaiwa gwiwa, waɗanda Umma ta hana su wuce zaure. Rula ba ta rabuwa da aljihunsa, ko da babbar riga ya sa. In an kawo tarwaɗa cikin miya sai ya juya kan ya duba kafin ya ci, ya ce, "Wannan ta ga damina biyu." In kuwa ƙanana aka soyo, ba zai taɓa ba. Zai ture kwanon ya ce, "Ba na cin yara." A nan faɗansa da masu suyar kifi ya samo asali. Yakan tsaya a kan kaskonsu ya ɗaga ɗan kifi da bai kai yatsa ba ya ce, "Baiwar Allah, wannan da kin bar shi wata shida da shi kaɗai ya ci da gidanki." Su ce ai ba su suka kamo ba. Ya ce, "Ku daina saye, su daina kamawa." Su yi ta cacar baki, ya hau babur ya tafi, gobe ya dawo.

A falonmu akwai kabad mai gilashi. Sauran gidajen ma'aikata tangaran suke jerawa a irinsa, mu kuwa wata kwalba ce a tsakiya, da wata halitta a cikin ruwan magani. Tsawonta bai wuce yatsan tsakiya ba. Kai irin na doki, wutsiya a naɗe kamar ta hawainiya, jiki duk gaɓa-gaɓa kamar an sassaƙa. Yaran unguwa sun ce aljani ne Baffa ya rufe a kwalba. Shi kuwa ya ce sunansa dokin teku, kuma kifi ne kamar kowane kifi.

Labarinsa daga Ikko ya fara. Baffa yana saurayi aka tura shi can koyon aiki, aka ajiye shi inda kogi yake shiga teku, inda ruwan daɗi ke gauraya da ruwan gishiri. Ya ce ranar farko ya kurɓi ruwan ya tofar, ya yi tunanin ba abin da zai rayu a ciki. Ashe wurin ne ya fi ko'ina cika da rai. Ciyawa ce shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa, ga itatuwa masu saiwa a tsaye cikin laka, kuma duk ƙananan halittun teku nan suke fakewa kafin su yi ƙwari. An haɗa shi da wani tsohon masunci ɗan ƙasar, ba mai jin yaren wani, da hannu suke magana. Aikinsu shi ne su shiga kwale-kwale in ruwa ya janye, su ja 'yar komar kamun kifi a hankali cikin ciyawa, su ƙirga dawakan tekun da suka samu, su auna tsawon kowanne, su mayar.

Yakan ce dokin teku rago ne wajen iyo. Da wutsiya yake kama ciyawa ya tsaya, ido ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma, abin da ya gifta ya zuƙe. Amma abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne haihuwarsa. Macen ce ke zuba ƙwai a wata jaka da ke cikin namijin, shi ya ɗauki cikin, shi ya yi naƙuda.

Wannan magana ta jawo masa musu ba iyaka. Wata rana har limamin unguwa ya biyo shi gida bayan sallar la'asar, ya ce a nuna masa. Baffa ya ɗauko kwalbar ya nuna masa jakar.

"Malam, ni dai da idona na gani. Na sa shi a akwatin gilashi, ya kama ciyawa, ya yi ta murɗawa yana nishi, sai ga su suna fitowa kamar an busa ƙaiƙayi. Kowanne bai fi gashin ido ba, amma da kansa da wutsiyarsa, komai ya cika."

Liman ya juya kwalbar, ya ce, "Allah mai iko. To amma Alhaji, wannan magana kada ta kai kunnen matanmu."

Umma daga bayan labule ta ce, "Ai mun riga mun ji, Malam."

In ya ba da labarin nan mutane dariya suke yi su tashi. Ni da nake zaune da shi kullum na san ba nan labarin ya ƙare ba. Ya ce da zarar sun fito uban ya gama nasa, ba shayarwa ba goyo. Sai su taso saman ruwa, igiya ta kwashe su. Wasu kifi ya cinye, wasu ruwa ya ja su can tsakiyar teku inda ba abin kamawa. Cikin tarin nan, 'yan kaɗan ne ke samun ciyawa su naɗe wutsiya. Waɗannan ne yake aunawa mako-mako, yana ganin yadda suke tashi daga gashin ido zuwa tsinken ashana, zuwa ɗan yatsa. Littattafan da ya rubuta awon suna nan har yau, takardun sun yi ja.

Sai wata shekara aka zo haƙar yashi a ɗaya daga wuraren da suke ƙirga. Aka tumɓuke ciyawar, ruwan ya zama kamar kunu. Da lokaci ya zagayo suka koma da tsohon, suka ja koma tun safe har rana ta take, ba su samu ko ɗaya ba. Tsohon ya buɗe tafin hannunsa ya hura, alamar sun tafi.

"Ba wanda ya kashe babba ko ɗaya, Uwata," in ji Baffa. "Wurin kwanan yaran kawai aka ɗauke."

Da ya dawo Kaduna babu teku babu dokin teku, amma ya ce darasin ɗaya ne. Ya bi gaɓar kogi da ƙafa har ya samo wani lungu tsakanin Malali da Unguwar Rimi, inda ruwa ke malalowa da damina ya kwanta cikin ciyawa, bai wuce gwiwa ba. Nan karfasa da tarwaɗa da kawara suke shigowa su zuba ƙwai. Ɗakin jego ya sa wa wurin, kuma sunan ya bi bakin masunta. Duk Asabar ta damina, da hantsi, yana can da bokiti da rula da littafi. Na sha raka shi. Ya ɗebo ruwa da farin kwano, mu sunkuya muna ƙirga 'yan ƙananan da ke wutsil-wutsil a ciki. In na yi sauri ya ce, "Sake. Mai gaggawa ba ya ƙirga abu mai rai." Shi ya nuna mini karfasa da 'ya'yanta a baki, in ta ga inuwa ta zuƙe su, in hatsari ya wuce ta furzar.

Maganar da ya fi yawan yi ita ce, "Kowa na tambayar masunci nawa ya kama. Ba mai tambayar ruwa nawa ya rage."

Ba shi da sauƙi a bakin aiki. Akwai wani magidanci da ya kama yana tace ɗakin jego da gidan sauro, ya cika daro da 'ya'yan kifi. Baffa ya ƙwace gidan sauron a gaban mutane, ya juye daron cikin ruwa, ya yi masa faɗan da har sarkin ruwa sai da ya ce a yi haƙuri. Mutumin ya ce tarunsa ruwa ya ci, iyali kuma ba sa jiran damina ta wuce. Baffa ya hau babur ya tafi. Washegari ya dawo da ƙullin zare. Mako guda yana zuwa bayan tashi daga ofis, su zauna gindin wani mangwaro su biyu suna saƙa taru mai faɗin ido, wanda ƙananan za su zurare su wuce. Bai mayar masa da gidan sauron ba sai da ya sa Umma ta wanke ta ɗinke inda ya yage. Ya ce, "Kai wa 'ya'yanka, su aka yi wa shi."

Yanzu sai maganar da danginmu ba sa son a tayar. Zan tayar, don in an cire ta ba a faɗi ko wane ne Baffa ba.

Mahaifina direba ne da ya yi ta fama har ya mallaki tifa biyu. A ƙarshen shekarun tamanin gine-gine suka buɗe a Unguwar Rimi da Malali, kowa na neman yashi. Yashin da ya fi kyau, ya fi kusa da titi, yana bakin ɗakin jego. Mahaifina ya zuba leburori, tifofinsa suka fara shiga da fita. Cikin wata biyu aka yi rami, ciyawa ta bi shebur.

Baffa ya je Mando ya same shi. Ya sake komawa. A zuwa na uku da ni aka je, ina ɗakin mahaifiyata ina jin su.

"Auta, ka matsa gaba kaɗan. Kogi da faɗi."

"Yaya, gaba ba hanya. Tifa ba jaki ba ce."

"In ka ƙwaƙule wurin nan, nan da shekara uku masuntan nan ba abin da za su kama."

"Kifi ya ƙare a kogin Kaduna? Haba Yaya. Tun kakanninmu ake ci."

"Na ga inda ya ƙare."

"Wannan a Ikko ne."

Baffa ya dawo gida, ya zauna ya rubuta rahoto, ya haɗa da ƙirgen da ya yi na shekaru, ya kai ofis. Bai gaya wa kowa ba, ko Umma. Bayan 'yan makonni aka kafa allo a wurin, aka hana ɗibar yashi. Mahaifina a tashar tifa ya ji, a bakin abokan sana'a, suna yi masa dariya wai wansa ne ya kai ƙararsa. Aikin da ya karɓa ya kuɓuce masa, dole ya sayar da tifa ɗaya.

Ina da shekara goma sha bakwai a lokacin. Da yamma mahaifina ya zo Malali, bai zauna ba. Bai ma cire takalmi ba.

"Yaya, ka zaɓi 'ya'yan kifi a kan 'ya'yana. To ka riƙe su. Ni ka ba ni tawa."

Umma ta fashe da kuka. Ni na tsaya riƙe da ƙofa. Na ɗauka Baffa zai yi faɗa, don ya iya. Sai ya shiga ɗakina da kansa, ya sauko da akwatina, ya ce Umma ta haɗa kayana. Shi ya ɗauki akwatin ya kai mota. Ya ce, "'Yarka ce, Auta. Aro ka ba ni, na gode." Sannan ya juyo gare ni. "Uwata, ki bi mahaifinki. Kada in ji an ce kin ɗaure masa fuska."

Shekara uku ba su yi magana ba. In sun haɗu a jana'iza ko suna, kowa ya nemi gefensa. Gwaggo ta zo daga Zariya har sau biyu, ta yi kuka, ta yi zagi, ta koma. Baffa ma yana da nasa taurin kan. Da Gwaggo ta ce ya je ya ba ƙaninsa haƙuri, cewa ya yi, "A kan me? Ƙarya na rubuta?" Ni ina Mando ina zuwa kwalejin horon malamai. Mahaifina bai taɓa hana ni gaida Umma ba, amma in na dawo ba ya tambayata yadda na baro su. A cikin shekarun nan ciyawa ta sake tsirowa a ɗakin jego. Na sani, don Umma ta ce duk Asabar Baffa na dawowa da laka har gwiwa, ya zauna shi kaɗai yana rubutu.

Sai maganar aurena ta taso. Ni na kawo wanda nake so, kowa ya amince. Dangin miji suka tambayi wanda zai yi waliyyi. Kowa ya san a al'ada wan uba ne ke ba da aure, balle wanda ya rene ni. Mahaifina ya ce wani amininsa zai wakilta. Na shiga ɗakinsa na durƙusa.

"Baba, in ba Baffa ne zai ba da ni ba, a ɗaga auren."

Ya dube ni ya ce, "Uwata, ni za ki gwada wa taurin kai?"

Na ce, "A gida na gada."

Bai yi dariya ba, bai kuma sauya magana ba. Saura kwana tara.

Ban san wanda ya kai wa Baffa labari ba. Ranar wata Lahadi da hantsi muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ya yi sallama, aka ce mai gida ya ce ba ya nan. Ya ce to zai jira shi ya dawo. Ya shimfiɗa ɗan buzunsa a zaure ya zauna. Aka yi azahar, ya je masallaci ya dawo ya zauna. Mahaifiyata ta aika da abinci, ya ce a gode mata, sai ya ga mai gida. Mutanen layi suka fara leƙe: ga wa zaune a zauren ƙani kamar mai neman alfarma. Mahaifina na ɗaki yana kai da kawowa. Da aka kira la'asar ya kasa daurewa, ya fito. Ni ina bayan ƙyaure.

Baffa bai bari ya zauna ba ya fara. "Auta, ban zo ba ka haƙuri a kan takarda ba. In yau aka koma, zan sake rubutawa. Abin da ya kawo ni, ban faɗa maka ranar da zan kai ta ba. Na bari ka ji a bakin 'yan tasha, aka yi maka dariya. Wannan ban kyauta ba. Ni ne babba, ni ya kamata in zo in faɗa maka ido da ido. Ka yafe mini."

Sai na ji muryar mahaifina ta sauya.

"Shekara uku, Yaya. Da wannan ka faɗa tun ran farko."

"Ran farko ban san na yi laifi ba. Ni ma a hankali nake girma."

Mahaifina ya durƙushe a gabansa. Abin da suka faɗa bayan nan ban ji ba, don nawa kukan ya toshe mini kunne. Na dai ji mahaifina ya ɗaga murya ya ce a sake ɗumamo abincin nan.

Baffa ne ya ba da aurena. An ce da aka tambaye shi ko ya bayar, ya amsa da ƙarfin da har na bayan sahu suka ji.

Bayan ya yi ritaya bai daina zuwa kogi ba, sai da ciwon suga ya ci ƙarfinsa, idonsa ya fara dushewa. Babur ya koma jingine a zaure. A daminarsa ta ƙarshe, ruwa ya sauka sosai, ya dame mu da tambaya ko kogi ya kawo. Wata Asabar mijina ya kai ni gaishe shi da goyon ɗiyata, na tarar da shi zaune a bakin gado da takalman robarsa a ƙafa. Umma ta ce tun asuba ya sa a kawo masa su, ta rasa yadda za ta yi da shi. Hanyar ɗakin jego ta zama taɓo, ƙaramar mota ba ta shiga.

Ana cikin haka mahaifina ya shigo. Ya dubi takalman, ya dubi wansa, ya juya ya fita. Bayan kamar sa'a guda muka ji gurnanin tifa a layi.

Shi da mijina suka ɗaga Baffa suka sa a gaba. Na ba Umma ɗiyata na hau kusa da shi, mahaifina ya ja. Rabonsa da wannan hanya tun ranar da aka kafa allo. Tifar na tangaɗi cikin laka, Baffa na riƙe da hannuna yana cewa, "A hankali, Auta, ba yashi ka ɗauko ba."

Ruwa ya malalo har cikin ciyawa, rana ta fito, wurin sai ƙyalli yake. Masuntan da ke gyaran taru suka taso da gudu, wani ya kifa kwale-kwale aka zaunar da Baffa a kai. Ya shaƙi iska, ya miƙa farin kwanonsa. Ban karɓa ba, don ba ni ya miƙa wa ba.

Mahaifina ya naɗe wando, ya shiga ruwa da tsufansa, ya ɗebo ya kawo. Baffa ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ruwan, sannan ya ɗago.

"Ba na gani. Ƙirga mini."

Mahaifina ya tsuguna ya fara nuni da yatsa. "Ɗaya, biyu, uku… kai, ba sa tsayawa. Goma sha ɗaya."

"Ƙarya ne. Ina jin motsinsu, sun fi haka."

"To zo ka ƙirga da kanka mana."

"Kai dai tun kana yaro lissafi ya gagare ka."

Masunta suka kwashe da dariya. Mahaifina ya sake sunkuyawa, wannan karon ya daɗe, leɓɓansa na motsi. Da ya ɗago, fuskarsa ta sauya.

"Ashirin da shida, Yaya. A ɗan kwanon nan kaɗai." Ya waiwaya ya dubi faɗin ruwan, har inda ciyawa ta ƙare. "Duk wannan haka yake?"

"Duk haka yake."

Baffa ya sa yatsa cikin kwanon, ya bar su suna taɓa shi, yana murmushi. Can ya ce, "To, mayar da su. Kada ka watsa. Nutsar da kwanon, su fita da kansu."

Mahaifina ya koma cikin ruwa, ya durƙusa har rigarsa ta jiƙe, ya nutsar da kwanon da hannu biyu, ya jira har na ƙarshe ya fita.

Kwana goma sha biyu bayan nan Baffa ya cika, da safe, kansa a kan cinyar ƙaninsa.

Bai bar ɗa na cikinsa ba. Ya bar ni, ya bar Umma, ya bar masu jefa taru da ba su san adadin abin da suka ci ta dalilinsa ba. Ya Allah, Kai ne ba ka manta ko da ƙwayar halitta a cikin ruwa. Ga bawanka nan ya zo. Ka yafe masa zafin harshensa, Ka karɓi gaskiyarsa, Ka shimfiɗa masa rahama, Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.